Hular da Na Gani a Bakin Kwata

Kibiya,
6 ga Agusta.

Zuwa ga Yaya Uzairu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Oganku da duk mutanen shagon walda. Mu nan lafiya lau. Malam yana nan da ɗalibansa a zaure. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, jiya har ta taka zuwa gidan Gwaggo Dije. Ruwa ya zauna sosai, masarar bayan gida ta fi ni tsawo, na san za ka ce ai wannan ba abin wuya ba ne. Akuyarka ta haifi biyu.

Tunda wayarka ta lalace ba ni da hanyar yi maka magana sai wannan. In ka aro waya ka kira Malam ranar Juma'a, ka san yadda yake buɗe muryar kowa ya ji, ni kuwa daga "ina wuni" sai bakina ya mutu. Shi ya sa zan ba Habu direba, ya ajiye maka wurin mai shayin bakin tasha kamar yadda kuka saba.

Yaya, kada ka yi mini dariya. Na kalli wani fim.

Ba da niyya ba ne. Hidaya ta gidan Alhaji Zakiyyu ce ta je Rano, ta ba mai tura finafinai wayarta, ta ce ya zuba mata na soyayya. Shi kuma ya zubo wannan a ciki. Ko sunansa ban sani ba, an yanke farkon. Muka zauna a ɗakinta bayan azahar da gyaɗarmu, muna jiran mu ga yarinya ta fito a cikin lambu da mayafi. Sai ga wani mutum zaune a kan benci yana ɓare lemo da wuƙa.

Ɓawon bai tsinke ba. Ya yi ta sauka yana nannaɗewa kamar igiya. A gabansa wani saurayi ne a durƙushe, shi kuma yana yi masa magana a hankali, kai ka ce yaro yake rarrashi. Babu kiɗa. Injin markaɗe kawai ake ji daga wani gida, da wata mata tana kiran ɗanta ya zo ya ci abinci. Da ɓawon nan ya taɓa ƙasa na san an gama da saurayin, tun ba a yi masa komai ba. Hidaya ta ce, "Innalillahi, wannan ba namu ba ne!" ta kai hannu za ta kashe. Ni na riƙe mata hannu. Ni fa, Yaya, da ba na iya tsayawa a wurin yankan kaza.

Labarin 'yan daba ne masu ƙwacen waya a cikin birni, mai lemon nan shi ne babbansu. Babu waƙa, babu rawa, babu wanda ya sa shadda. A littattafan da nake karantawa, in ran namiji ya ɓaci idonsa ne yake yin ja, ya figi mota ya bar gidan, gobe ya dawo da turare. A nan in rai ya ɓaci wani ne ba zai koma gida ba. Kuma abin da ya fi tayar mini da hankali, da rana tsaka ake yin komai. Ana saran mutum, ga mai awara can tana juya awararta, ta kau da kai kawai. In suna gudu hoton ma gudu yake yi, yana girgiza, ba a jin komai sai silifas faf-faf-faf da numfashi. Sai na tarar ni ma haki nake yi, a zaune.

Akwai wurin da uwar Mai Lemo take wanke masa riga. Ruwan ya yi ja, ta zubar, ta sake zubawa. Ba ta yi kuka ba. Ta matse rigar ta shanya a tsakanin kayan ƙannensa. Da a littafi ne sai an yi shafi uku ana kwatanta hawayenta, in karanta in yi kukana in ji daɗi. Wannan kuwa ko kukan ban iya yi ba. Ban sani ba ko ya halatta mutum ya ce abu mai muni haka ya yi kyau. Amma wallahi ya yi kyau. Wanda ya shirya shi ya san tsoro, ba labarinsa aka ba shi ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Kusa da ƙarshe akwai wani sabon shiga a cikinsu, ya ɗaure rabin fuskarsa da ƙyalle. Suna ce masa Na-ƙauye saboda hular ɗinki yake sawa. Mai Lemo ya miƙa masa wuƙar, ya nuna masa wata mata mai goyo da waya a hannu. Ya karɓa, sai ya yar da ita ya zura da gudu. Suka cim masa a wani lungu. Ba a nuna abin da suka yi masa ba. Hularsa aka nuna, ta faɗi tana gangarawa har ta tsaya a bakin kwata, mai ɗaukar hoton ya tsaya a kanta ya ƙi tafiya.

Koriya ce. A bayanta akwai gida uku shuɗi.

Ka tuna wadda na ɗinka maka da za ka tafi? Koren zare ya ƙare mini ana gobe tafiyarka, na cike gida ukun ƙarshe da shuɗin Inna, na zo ina jin kunyar ba ka, ka ce ba komai, ai ƙeya ba ta da ido. Gilashin wayar Hidaya a fashe yake, tsagar ta bi daidai ta kan idon yaron, ban iya gane shi ba. Hidaya ta ce hula ai dubu ce a Kano. Amma ita ɗin dai ce ta ce mini ta ji a Rano wai 'yan daban gaske aka kwaso aka sa a fim ɗin, shi ya sa ya yi kama da gaske.

Tambaya ɗaya ce, ka amsa mini ko da layi ɗaya. Ina hularka?

Ƙanwarka,
Muhsina.


Kano,
5 ga Agusta.

Muhsina 'yar littafi,

Salamu alaikum. Ya gida, ya Malam, ya ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau sai gajiya. A tsaye nake rubuta wannan a kan teburin mai shayi, ki yi haƙuri da rubutun, in Habu ya shigo zai karɓa.

Akwai maganar da zan gaya miki, amma ki riƙe ta a cikinki, kada Malam ya ji tukuna. Na haɗu da wasu mutane, sun ɗauke ni . . . . . . ba irin abin da aka san gidanmu da shi ba ne, na sani. Makon jiya ma na yi fashi . . . . . . Oga ya ce in na sake zai . . . . . . ni. Amma su sun ce na iya, za su sake nemana . . . . . . wuƙaƙen ma ni ne na . . . . . . Kada ki damu. In na zo zan ba ki labarin da ya fi na littattafanki.

Ga koren zare nan ƙulli huɗu, don kada ya sake ƙare miki.

Yayanki,
Uzairu.


Kibiya,
9 ga Agusta.

Yaya Uzairu,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, Inna tana gaishe ka. Ni ce dai ba lafiya ba, kuma ba ciwo ba ne.

Takardunmu sun yi saɓani. Ranar da Habu ya ajiye tawa a ranar ya ɗauko taka, don haka na san ba amsata ba ce. Kuma ya sa ta a bayan mota kusa da jarkar manja, jarkar ta yi yoyo. Da ya miƙo mini na ga ja ya ratsa takardar, sai na ce masa jinin wa ne wannan. Ya ce, "Ke, manja ne, shanshana ki ji!" Na shanshana, manja ne. Amma ya cinye rubutun a wuri biyar, kuma duk a inda maganar take. Na ɗaga ta a rana, na goga mata toka, babu abin da ya fito.

Ga abin da ya rage mini. Wasu mutane sun ɗauke ka. Ba abin da aka san gidanmu da shi ba ne. Kada Malam ya ji. Wuƙaƙe. Da kuma wannan: "na yi fashi."

Yaya, ni ba yarinya ba ce, na san fashi iri biyu ne. Akwai wanda muke yi a makaranta ranar da aka tashi da ruwa, a yi mana bulala biyu a wuce wurin. Akwai kuma ɗayan. Tun shekaranjiya nake zaune a tsakaninsu. In na ce na farkon ne, sai in tuna wuƙaƙen. In na ce Oga ai mai shagonku ne, sai in tuna yaran Mai Lemo ma Oga suke ce masa. "Zai . . . ni." Zai me? Na gwada kalmomi a gurbin nan har na gaji, mai sauƙi ɗaya ce, sauran ba zan rubuta su ba.

Na koma wurin Hidaya na sake kallon fim ɗin, sau uku. Ta ce na zama kamar mai aljanu, kuma tana nan a kan abin da ta ji a Rano, wai 'yan daban gaske aka sa a ciki. Na tsayar da hoton a kan hular, na ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, kuma na ukun ya ɗan karkace, inda allura ta soke ni na yi sauri. Hannuna ne, Yaya. Babu wata yarinya a ƙasar Kano da zarenta ya ƙare a daidai inda nawa ya ƙare.

Na kalli gudun yaron ma. Yana jefa ƙafar hagu waje, kamar yadda kake yi in kana bin akuya a gonar Yalwa. Kuma da ƙyallen ya zame kaɗan, sai ya waiwayo. Ban ga fuskar ba saboda tsagar gilashin, ido ɗaya na gani. Na sha ganin 'yan fim suna tsorata, suna zaro ido suna dafe ƙirji. Wannan bai zaro komai ba. Idon akuya ne ranar da aka kama ta za a kai kasuwa. Ba a koyon wannan.

Yanzu ko littafin ba na iya buɗewa. Na ɗauko wanda nake ɓoyewa a cikin bangon littafin lissafi, saurayin yana tsaye a ƙofar gida yana jiran yarinyar, sai na ji ina so in ce masa ya sa wayarsa a aljihu, ya daina tsayuwa a fili. Jiya mai lemo ya wuce ta ƙofar gida da tirensa, ya tsaya yana ɓare wa almajiran Malam manya, na shige ɗaki na rufe ƙofa. Inna ta ce, "Ke wai me ke damunki, kin zama kamar kazar da ta ga shaho?" Na ce kaina ne.

Ka san abin da Malam ya faɗa ranar da za ka tafi, ina bayan ƙyaure na ji. Ya ce kai amanar ƙaninsa marigayi Baffa Halliru ce, ya riƙe ka tun kana shekara huɗu bai taɓa bambanta ka da mu ba, amma ranar da ya ji hannunka ya taɓa abin wani, babu shi babu kai. In na faɗa masa, na raba ka da gida. In na yi shiru, wata rana hularka kawai za a kawo mana. Ka gaya mini wanne zan ɗauka.

Zan jira kasuwar Kibiya ta ci sau biyu. In ban ji daga gare ka ba, ka yafe mini.

Muhsina.


Kibiya,
25 ga Agusta.

Yaya,

Salamu alaikum. Ban san ko kana inda za ka karanta wannan ba.

Kasuwa ta ci sau biyu, na ƙara kwana biyu a kai. Juma'a biyu ba ka kira ba. Jiya na tare Habu a tasha, ni da ba na iya haɗa ido da shi, na ce ya rantse ya kai maka takardata ta biyu. Sai ya sosa ƙeya ya buɗe aljihun mota, ga ta nan a ciki yadda na ba shi. Wai an tashi masu shayin bakin tashar gaba ɗaya, bai san inda naku ya koma ba, kuma ya ji nauyin gaya mini.

Na faɗa wa Malam.

Na same shi a zaure bayan la'asar yana biya wa manyan ɗalibai karatu. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ya dube ni sau ɗaya ya sallame su, abin da ban taɓa gani ba. Na miƙa masa takardarka mai manja. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Fashi." Haka kawai. Sannan na gaya masa zancen hular. Na zaci zai yi mini faɗan kallon fim. Sai ya ce, "Je ki karɓo wayar."

Yaya, Malam ya kalli fim. Ya riƙe wayar Hidaya da hannu biyu nesa da fuskarsa kamar allo, ya kalla tun daga ɓare lemon har ƙarshe, bai ce a wuce ko'ina ba. A wurin wankin rigar ya ce, "La haula." Da hular ta gangaro ya sa babban yatsa a kanta, kamar zai tsayar da ita.

Ya kira Oganku. Ina nan, muryar a buɗe. Ogan ya ce, "Malam, ni ba zan yi maka ƙarya ba, kuma ba zan faɗa da bakina ba. Yau kwana uku ban gan shi ba. Ka zo ka ji daga gare shi."

Gobe da sassafe Malam zai bi Habu. Ya ce wa Inna ta ciro masa hotonka na jikin bango, ta ce na me, ya ce ko da za a tambaye shi kamanninka a wani wuri. Bai faɗi wane wuri ba. Inna ta ciro, ta goge gilashin da bakin zaninta, ta daɗe tana gogewa.

Zan sa wannan da waccan a aljihun rigarsa. In ya same ka, ka tsane ni, na yarda. Ka dai kasance kana nan.

Muhsina.


Kano,
27 ga Agusta.

Muhsina,

Wa alaikumus salam. Ina nan. Da raina, da ƙafafuna biyu, da hulata a kaina. Ki sha ruwa ki zauna tukuna.

Ga abin da manja ya cinye, zan cike miki gurbi-gurbi. Sun ɗauke ni a fim. Na yi fashin zuwa shago kwana uku. Oga ya ce in na sake zai sallame ni. Za su sake nemana a kashi na biyu, can ma na je kwanakin nan, bayan gari, inda ko waya ba ta shiga. Wuƙaƙen ma ni ne na ƙera musu, dakusassu, ko tuwo ba za su yanka ba. Jinin kuwa zoɓo ne da sitaci, ƙudaje sun fi kowa jin daɗin aikin. Mai Lemon da ya hana ki sukuni malamin firamare ne, sunansa Malam Abubakar Sadiƙ, ya yi wata guda yana koyon ɓare lemon nan, ya yanke yatsa sau biyu, kuma da ya ga jininsa na gaske sai da aka yi masa fifita. Babu ɗan daba ko ɗaya a cikinmu. Ki gaya wa Hidaya ta rage sauraron mutanen Rano.

Takardarki ta farko tana can cikin akwatin mai shayi duk inda yake. Biyun nan na karanta su a gaban Malam, dariya ta taso mini a ta farkon, a ta biyun ta koma.

Jiya da hantsi ina tsugune ina walda, na dawo ke nan Oga ya gama wanke ni, sai na ga takalmin Malam a gabana. Na ɗaga gilashin fuska. Yana tsaye da hotona a hammata. Ya cire hular daga kaina, ya juya bayanta, ya ƙirga da yatsa, ya mayar mini. Sannan ya zauna a kan wata tsohuwar taya, da farar rigarsa, ya ce a ba shi ruwa.

Na gaya masa komai. Ke ma zan gaya miki, tunda ke kika gani.

Wayata ba lalacewa ta yi ba. Ƙarya na yi muku. Wata biyar ke nan, da azahar, na fito daga masallaci na bi wani lungu don in yanke hanya. Su uku ne, babbansu bai kai ni ba. Ga mutane suna wucewa. Na ba su wayar ban yi gardama ba, duk da haka ɗayan ya kawo sara, na kare da hannu. Ɗinki tara. Na gudu, suka biyo ni ban san dalili ba, hular nan ta faɗi a bakin kwata, wata tsohuwa ce ta tsinto mini ita daga baya. Shi ya sa ban zo da Sallah ba, kuma shi ya sa nake sa riga mai dogon hannu.

Da mai shirya fim ɗin ya zo shago neman wuƙaƙe, ya ga tabon ya tambaye ni. Na ba shi labari. Ya ce zan iya sake gudun nan a gaban na'urar ɗauka? Na ce zan gwada. Ranar da aka ce in gudu, na ji silifas a bayana, wallahi na manta da fim ake yi. Sau ɗaya aka ɗauka. Da aka ce a tsaya ban tsaya ba, sai da suka biyo ni har bakin titi. To kin ga, idon da kika gani ba ki yi kuskure ba. Kowa yana yaba mini wai na iya wasa, ke kaɗai kika gane ba wasa ba ne, ta tsagar gilashi.

Malam ya ce in naɗe hannun riga. Ya daɗe yana kallon tabon, ya shafa, ya tofa addu'a. Ya ce, "Da na taho, asibiti na yi niyyar farawa, sannan wurin 'yan sanda. Ka san abin da ya fi yi mini ciwo? An sare ka, ka kwana da ciwonka kai kaɗai kamar ba ka da uba." Na ce, to maganar fim ɗin fa? Ya ce, "Hannunka ya taɓa abin wani?" Na ce a'a. Ya ce, "Ka bar salla saboda shi?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka zo gida da kaka mu yi maganar a zaure, ba a kan taya ba." Da zai shiga mota ya juyo ya ce, "Waccan matar mai wanki, ita ma malamar makaranta ce?" Na ce tela ce. Ya girgiza kai ya ce, "Allah Ya shirya mana zuri'a."

Ban tsane ki ba, 'yar littafi. Kin tona mini asiri, kuma tun da aka sare ni ban yi numfashi mai daɗi irin na jiya ba.

Yayanki,
Uzairu.


Kibiya,
19 ga Satumba.

Yaya Uzairu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an fara cin sabuwar masara, an koma makaranta. Malam ya mayar da hotonka jikin bango da kansa, ya ɗan karkace, babu wanda ya gyara. Inna ta yi kuka a kan ɗinki taran nan kwana biyu, yanzu kuma duk wadda ta shigo sai ta ce mata, "Ai zoɓo ne." Hidaya ta ce in tambaye ka wai Mai Lemo yana da aure.

Na yi dariyar zoɓon ni ma. Na zaci daga nan tsoron zai tafi. Na karɓi wayar na sake kallo, ina gaya wa kaina wannan malamin firamare ne, waccan tela ce, wuƙar ko tuwo ba ta yanka. Duk ya yi aiki har aka zo wurin gudunka. A nan na ajiye wayar. Da ina tsoron kada fim ɗin ya zama gaskiya. Yanzu na san fim ɗin ƙarya ne, lungun ne gaskiya, kuma yana nan, kuma kai kana bi ta gefensa kullum in za ka masallaci. Don Allah ka riƙa bin titi ko da ya fi nisa.

Har yanzu ina cewa ya yi kyau. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi ba, kuma ba zan ƙara kallonsa ba. In kashi na biyun ya fito, ka fara rubuto mini ko Na-ƙauye ya tashi, sannan in yi shawara.

Ga hula nan na ba Habu, na ce ya riƙe ta a cinyarsa, in ta kusanci manja ni da shi ne. Waccan ta sha kwata sau biyu, ta isa hutu. Da zarenka na ɗinka, ya ishe ni har ƙulli ɗaya ya yi saura. Don haka in ka juya bayanta ka ga gida uku shuɗi, kada ka ce zare ne ya ƙare.

Kano da yawa take, Yaya. Ina so duk inda aka nuna mini ƙeyarka in gane ka.

Ƙanwarka,
Muhsina.